Muryar Mai Tuta

Duk Juma'a bayan masallaci, tsohon yana tsayawa a bakin shagon Fatahu, mai tura wa mutane fina-finai a waya cikin kasuwar Arlit. Fatahu bai san sunansa ba. Ya dai san koɗaɗɗiyar rigar ma'aikatan ma'adini da ke jikinsa, da yanar da ke cin idonsa, da littafin zanen da yake riƙewa dab da hanci: wani soja da tuta ɗaure a damtse, yana ɗaga tankar yaƙi da hannu guda. Wataƙila a jujin unguwar Turawa tsohon ya tsince shi yana saurayi.

Kullum tambayar ɗaya ce. "Ɗana, an yi fim ɗin Mai Tuta? Su gaggauta, idon nan ba ya jira."

Sai ya kumbura murya kamar ta sojan: "Ku koma bayana, ƙasar nan ba ta faɗuwa!" Fatahu ya iya Faransanci, ya san ba haka aka rubuta a littafin ba. Bai taɓa faɗa ba.

Yau tallan fim ɗin ya iso, da fassarar Hausa. Tsohon ya kai wayar dab da ido, ya janye, ya sake kaiwa. Daga baya ya kara ta a kunne, fuskarsa ko motsi.

"Ba muryarsa ba ce." Ya miƙo wayar, ya ɗan tsaya. "Amma faɗa mini, yana da tsawo?"

"Yana da tsawo, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya lalubi sandarsa.