Yau Ni Aka Rataya wa Sambol

Laraba, ƙarfe goma na safe, a lekol ɗinmu, wato makarantar boko, ta Damagaram: ni, yaran ajin farko, da randa guda.

Jama'a, yau ni malami aka rataya wa sambol! Ƙashin nan da ake sa wa yaro a wuya in ya yi Hausa a lekol.

Darasin ruwa nake yi. Na ba su tatsuniyar randa mai gumi, da Hausa, don Faransanci bai zauna musu ba tukuna. Na tambaye su, "Me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi?" Suka shafa, suka ɗanɗana. Wata yarinya, Hadiza, ta kira ni Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci, ta ce, "Mushe, gumin ne! In iska ta taɓa shi, sai sanyi, kamar jikinmu!"

Sai ƙofa ta buɗe. Baturen darakta ne, Mushe Isufu na bayansa! Isufu abokin cin tuwona, wanda jiya ya ce mini, "Yi da Hausa, malam, darakta ya tafi Takieta."

Darakta ya tambaya wa ya fara Hausa. Isufu ya nuna ni. Shi Isufun da hannunsa ya rataya mini ƙashin, yara na kallo.

Bayan azahar aka miƙo mini takardar canjin aiki zuwa Dakusa. An ba Isufu ajina.