Mai Takobin Kawu

Kawu tela ne, har idonsa ya daina ganin kafar allura. Da ya ajiye keken ɗinki, autarsa, wadda ke masa wanki da girki, ta sa masa wani wasan yaƙi a waya don ya rage zaman banza.

Wasan ba na gaggawa ba ne. Ka matsa sojojinka, abokan gaba su matsa nasu. Duk sojan da ya kashe maƙiyi sai ya ƙara ƙarfi, ya hau mataki. Kawu ya ɗora ransa kan wani mai takobi. Kowane kisa nasa ne, kowane sabon sulke nasa ne. Maharba da mai magani suna baya suna kallo.

"Baba, ka riƙa barin sauran su taɓa mana," in ji autar.

"Ke dai kawo ruwa. Wannan shi zai fitar da mu kunya."

Haka ya ce sanda ya tura babban ɗansa karatu, aka ce sauran su jira. Babban yana wani gari yanzu, yakan kira in ya tuna.

A tsakiyar wasan, labarin da ke cikinsa ya ɗauke mai takobi, aka bar Kawu da ragowar. Bugu ɗaya ake musu su faɗi. Har yau yana wannan fagen, yana kiran su ragwaye. Autar takan sa masa wayar a caji.