Layukan da Ishaya ya bari

Shekara shida ke nan da rasuwar mijina, Malam Ishaya, malamin kwamfuta a wata sakandare a Malumfashi. Har yau in babur ya tsaya a ƙofar gida ranar Asabar, sai na ɗaga kai.

Akwai wata manhajar rubutu da yake ji da ita, baƙin allo ba hoto ba ado. Nakan yi masa tsiya cewa allon firamare ma ya fi ta fara'a. Shi kuwa sai ya ce ai haka take zuwa, kai za ka yi mata sutura: in kana so ta riƙa ba rubutu launi, sai ka nemo ɗan ƙarin da ke wannan aiki ka haɗa mata. Sabis a gidanmu na Gozaki sai an hau tudu, don haka ranar Asabar yakan hau babur har Funtua, ya sauko da ƙarin a filashi. In ya dawo ya kwafe shi da hannu cikin folda, sannan ya rubuta layi guda a fayil ɗin saiti don manhajar ta ɗauke shi idan an buɗe ta. Ɗaya-ɗaya yake sa su, yadda yake gwada sabon irin masara a gefen gona kafin ya yarda da shi. In rikici ya tashi, ya san mai laifi.

Yanzu 'yarmu Rifkatu tana karatun kwamfuta, ta ce umarni ɗaya ake bayarwa, komai ya sauko ya shirya kansa. Na san abin da zai ce mata: "To, in ya lalace wa za ki tambaya?" Na kuma san zai faki ido ya gwada, don Ishaya ba ya iya barin sabon abu ya wuce shi.

Bana tsohuwar kwamfutarsa ta fara mutuwa tana farfaɗowa, tsoro ya kama ni. Ba na gane komai a layukan nan, amma nan kaɗai abubuwa suke zaune yadda hannunsa ya ajiye su. Ɗakinsa ma tuni buhunan waken suya suka cinye shi. Rifkatu ta gwada tayar da saitin nasa ta hanyar zamani a sabuwar kwamfutarta, sai ƙari biyu suka ƙi zuwa, ashe masu su sun cire su daga intanet. Sai ta kwashe foldar ubanta, ta zauna tana haɗa su ɗaya bayan ɗaya, tana buɗewa tana rufewa, tana cizon leɓe irin nasa sak.

Da komai ya tashi, ta juyo mini da allon. "Mama, ga na Baba nan, ko ɗaya bai ɓata ba. Ina so in ƙara nawa, amma ko in buɗe sabon fayil ne?"

Abin da ya bari ba shi da yawa, amma yana aiki, kuma akwai sauran wuri a ƙasansa. Na ce ta rubuta a ƙarƙashin nasa. Ina tsaye a bayanta ta sauka layi ɗaya ta fara, ni kuwa hawaye suka hana ni ganin abin da ta rubuta.