Mijin Yaya da Yaren Halittun Sama

Mijin yayata mai gyaran agogo ne, kuma tun farko jinina bai haɗu da nasa ba. Shagonsa kamar akurki, daga tebur sai fitila sai ɗan madubin da yake maƙalawa a ido. A nan ya kamu da wani fim mai dogon zango na jiragen sararin samaniya, inda wasu halittu masu ƙaho a haɓa ke magana da yaren da masu fim ɗin suka ƙago musu. Kowa kallo yake yi ya tashi, shi kuwa sai da ya sayi ƙamus ɗin yaren ya haddace. In yana yi, ka rantse ƙayar kifi ce ta tsaya masa a maƙogwaro.

Zagi ya fi ƙwarewa a kai. Mutum zai kawo agogo, ya karɓa yana murmushi, ya kakaro kalma biyu, in an tambaya ya ce gaisuwarsu ce. Haka yake yi wa Yaya a gida. Shekara uku tana jin kalma ɗaya daga bakinsa. Ashe da ya fita shago sai ta sauko da ƙamus daga saman kabad tana bi shafi-shafi.

Ranar da na raka Inna duba su, muna cin abinci Inna ta nemi ƙari. Ya dube ta, ya yi kakarinsa, ya yi dariya. Inna ma ta dara, har tana cewa surukin nata akwai barkwanci.

Yaya ta ajiye ludayi. "Inna, cewa ya yi ke tsutsa ce mai cin gawa. Ni kuma shekara uku sunana dabbar ɗaukar kaya."

Ya fara rantse-rantse, sai ta juyo ta zuba masa doguwar magana cikin yaren, ba gargada. Har yau ta ƙi gaya mana ma'anarta. Shi kuwa sai ya buɗe baki wai ta yi kuskure a furucin kalmar ƙarshe.

Inna ta wanke hannu ta ɗauki jakarta. Yaya ta bi bayanta da 'ya'yanta mata biyu. Sau biyu mijin yana zuwa ban haƙuri, kawunmu yana tare shi a bakin ƙofar gidanmu. Ba ta koma ba. Yanzu ɗinki take yi a ɗakin baya, kuma ciniki ya karɓe ta.