Ɗigon da Ya Karya Azumin Baba

Baba mutum ne mai taƙama da azuminsa. Tun da ya balaga bai taɓa shan ko ɗaya ba, ko da yana kan hanyar Ƙonni da jakunansa na fatauci, kuma ba ya barin kowa ya manta. In mu mata muna ramuwa bayan Salla, sai ya zauna gabanmu da ƙwaryar fura yana kurɓa da ƙarfi, wai mu ragwaye ne. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Turawa ba su daɗe da zuwa ba, azumi ya faɗo a tsakiyar bazara, idon Baba kuma ya yi jawur. Ana haka likitansu ya sauka garinmu Illela rangadi. Ma'aikacinsa ya ba Baba 'yar kwalba, ya ce ɗigo ɗaya tak, in an sha ruwa. Baba ya ce ido ai ba baki ba ne. Da hantsi ya kwanta, ya tsiyaya abinsa kamar mai zuba man shanu a tuwo.

Kafin azahar ɗaci ya sauko masa maƙogwaro. Bakinsa ya bushe ƙamas, jikinsa ya yi zafi ba ko ɗigon gumi, zuciya tana dukan uku-uku. Ya fara kiran jakunan da ya sayar tun ina goye. Inna ta tsorata, ta aika a kira ma'aikacin da limamin unguwa.

Ma'aikacin ya ce akwai 'yar hanya daga ido zuwa hanci, daga nan maƙogwaro, sai magani ya bi jiki duka. Da ya danne kusurwar idon da yatsa, da abin ya zo da sauƙi. Liman ya tambayi Baba ko ya ji ɗacin a wuya. Baba bai iya ƙarya ba, ya gyaɗa kai.

"To sha ruwa, Malam," in ji liman. "Na yau ya riga ya tafi."

Ya karɓi moɗar ruwa ya sha. Na ji tausayinsa ƙwarai, amma dariya ma tana cina.

Ido ya warke. Bayan Salla muka tashi sahur na ramuwa tare da shi, shi kaɗai namiji cikinmu. Da rana Inna, wadda ta gama tata ramuwar, ta dama fura ta zauna gabansa, ta kurɓa da ƙarfi.

"Mi na yi miki?" ya ce.

"Ba komai, rago."

Ya yi dariya har da hawaye. Daga ranar, in muna ramuwa, shi ke kawo mana dabino.