Muciyoyin Jushi

Har gobe ba zan manta da ranar da likita ya ce a shirya yanke wa Malam Tanimu babban yatsan ƙafa ba. Lokacin ina ƙaramar nas a wani asibiti a Samaru, aikina awon suga da wanke gyambon masu ciwon. Malam Tanimu tela ne a Jushi, da ƙafar nan yake taka keken ɗinki. Gyambonsa ya ƙi warkewa saboda suga ya ƙi sauka.

"Taurin kai ne," in ji likita. "Ba ya bin doka."

Maganar ta yi mini zafi, don matarsa Binta ta rantse mini kullum tuwon acha da miyar ganye take yi masa, kamar yadda na koya mata. Na roƙi likita ya ɗaga aikin. Ya ce, "Sista Rifkatu, wata guda na ba ki."

Da na tashi aiki na wuce Jushi. Ana idar da magariba maza suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, kowane gida ya fito da kwanonsa, aka haɗu ana ciyayya. Achar Binta kafin ka ce kwabo maƙwabta sun share ta, shi kuwa Malam Tanimu ya bi tuwon shinkafa da kunu mai zaƙi.

Na tare shi a zaure. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Sista, in ja kwanona gefe a ce na raina abincin maƙwabta? Gara a yanke."

Raina ya ɓaci, amma ban yi masa faɗa ba. Mace ba ta tsoma baki a tabarmar maza, sai dai wa ke riƙe da muciya? Binta ta zaga da ni gida gida, ina roƙon mata su sauya girki. Wata tsohuwa, Goggo Asabe, ta yi dariya ta ce, "'Yar nan, acha ai cimarku ce ta kudu."

Na ce, "Goggo, ki gwada. In Baba maigidanki ya bar loma, ki aiko a kira ni."

Matan suka yarda. Shinkafa ta ragu, wake da ganye suka ƙaru, kunu ya koma babu suga.

Da wata ya cika, likita ya kwance bandeji ya daɗe yana kallo. Gyambo ya fara haɗewa. Ya ce, "Wane magani kika ƙara masa?"

Na ce, "Muciyoyin Jushi, ranka ya daɗe." Ranar murna kamar in taka rawa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kafin ku kira majinyaci mai taurin kai, ku tambaya da wa yake cin abinci. Farar rigar nan da ke jikina, Malam Tanimu ne ya ɗinka ta, da ƙafarsa mai yatsu biyar.