Ƙwayar Ƙarfe a Idon Baba

Baba mai walda ne, kuma tun tasowata ban taɓa ganinsa da tabarau a fuska ba. Yana can rataye a ƙusa bayan ƙofar shago, ƙura ta rufe shi. In ka yi magana ya ce shi rintse ido yake yi daidai tashin wuta, wai tabarau na 'yan koyo ne.

Da ya fara haki in ya ɗaga ƙofar ƙarfe, cewa ya yi tsufa ne. Sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago muka samu ya yarda da asibiti. Likitar zuciya ta ji cewa ƙaninsa ma faɗuwa ya yi yana tsakiyar ƙwallo, bai sake tashi ba. Ta ce tana zargin tsokar zuciyar ce ta yi kauri, a sa shi a na'urar MRI don ta gani sosai.

Ashe na'urar ƙaton maganaɗisu ce. Ma'aikacin ɗakin na jin sana'ar Baba ya tura shi hoton ido tukuna. Aka ga ƙwayar ƙarfe a idon hagu, ba ta kai ƙwayar yashi ba. In ya shiga da ita, na'urar na iya jan ta ta makantar da shi, don haka sai an cire.

"Ido kam ba mai taɓa mini," in ji Baba. "Da shi nake ci. Zuciyar da ta kawo ni yau za ta kai ni gobe."

Na roƙa, na yi fushi, ko gezau. Likitar ce ta ja kujera kusa da shi.

"Baba, hoton nan ba naka kaɗai ba ne. In ciwon irin wanda ake gado ne, sai mun duba 'ya'yanka."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "A cire."

Bayan idon ya warke ya kwanta cikin na'urar. Mutumin da bai taɓa bin umarnin kowa ba, a ce ja numfashi ya ja, a ce riƙe ya riƙe. Ya fito yana cewa ƙararta ba ta kama ƙafar ta shagonsa ba. Hoton ya nuna bangon da ke tsakiyar zuciyar ya yi kauri. Aka ba shi magani, aka hana shi ɗaukar nauyi.

Aka duba mu, 'ya'yansa uku. Yayyena lafiya lau. Tawa zuciyar ce ta fara kauri, kaɗan, likita ta ce an gano da wuri. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.

A benci na same shi a waje, na gaya masa. Ya yi ta murza tafin hannunsa mai tabon ƙuna, bai ɗago ba.

"Shekara da shekaru ina tunanin abin da zan bar miki," ya ce. "Ashe tun ranar haihuwarki na riga na ba ki. Ki yafe mini, uwata."